Akwatin da Na Koya wa Gaisuwa

Ni ba na son doguwar gaisuwa. Gara in faɗa da bakina, don ko ban faɗa ba mutanen unguwarmu Minanata za su faɗa. In na ce ina kwana aka ce lafiya lau, a wurina magana ta ƙare. Sauran tambayar gajiya da iyali da zafi da kwana biyu, ban taɓa ganin wanda ya ba da amsar gaskiya a kansu ba. Mutum kuncinsa ya kumbura da ciwon haƙori, a ce masa ina gajiya, ya ce babu gajiya.

Wannan halin ne ya raba ni da gidan Gwaggo. Da na gama sakandare aka kai ni in taya ta sayar da atamfa a cikin gida, inda mata ke zuwa da hantsi su zauna har la'asar. Kwanana tara. Ran na tara wata Hajiya ta sa na warware mata turmi goma sha ɗaya, ta shafa, ta shinshina, ta ce za ta dawo. Na ce, "Hajiya, in ba saye za ki yi ba, ki taya ni ninki." Kafin magariba Gwaggo ta sa an rako ni gida, kayana a leda.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ce a ba shi ni. Yana da wurin gyaran shinkafa a bakin gari, ya ce can ƙara ta yi yawa, ko na yi rashin kunya ba mai ji. Aikina share ofis da dafa shayi. Ina cikin wannan ne Madam ta zo.

Madam 'yar Filato ce, Kirista, ta fi shekara ashirin a Sakkwato tana aikin lantarki. Gajera ce, da rigar aiki mai haɗe da wando, da ɗankwali, da testa, abin gwada wuta, maƙale a aljihu. Hausarta rabi ta Jos, rabi tamu. Kawu ya kira ta ne saboda Baba, tsohon da ke tayar da injinan tun ba a haife ni ba. Gwiwoyinsa sun ƙi, 'ya'yansa sun ce ya zauna gida ya huta.

Injina huɗu ne a jere. Na farko yana ɗaukar shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa buntu ba, ya zuba wa mai tsince tsakuwa. Shi kuma ya miƙa wa mai casa. Daga nan sai babbansu, mai gogewa, inda farar shinkafa ke fita a ɗinke buhu. Kowane da koren maɓallinsa da ja. Madam ta ce za ta sa akwati ɗaya da zai riƙa tayar da su duka.

Ranar da ta buɗe kwalin na kawo mata shayi. Abin bai fi burodi girma ba, ruwan toka, da ƙananan fitilu jere sama da ƙasa.

"Wanga ɗan abun za shi yi aikin Baba?" na ce.

"Ba gaisuwa?"

"Ina kwana. Mi ke ciki?"

Ta dube ni daga ɗankwali har silifa, ta ce in ajiye tiren in zauna.

"Sunansa PLC. Kar ki ji tsoro, ba shi da wayo ko kaɗan. Layin sama kunnuwansa ne, nan yake jin an danna maɓalli. Layin ƙasa hannuwansa ne, nan yake kunna moto. Tsakanin kunne da hannu kuwa, abin da kika rubuta masa shi kawai yake yi. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya tambayar dalili."

"Ba shi gaisuwa?"

"Ba ya gaisuwa."

Nan take na ji ya kwanta mini. Tun da nake, ban taɓa haɗuwa da mai irin halina ba sai ranar.

Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini yadda ake yi masa rubutu. Tsani ake zana masa. Sanda a hagu, sanda a dama, sai matakala a tsakani. Kowace matakala magana ɗaya ce: in kaza ya faru a hagu, yi kaza a dama. Shi kuma yana karantawa daga matakalar sama zuwa ta ƙasa, ya koma sama ya sake, ya sake, kafin ki ƙifta ido ya zagaya ba adadi. Ta jona masa ƙwan lantarki huɗu a kan wani katako, a madadin injinan, ta ce in yi wasa da su.

Matakalata ta farko: danna maɓalli, ƙwai ya kama. Na danna, ya kama. Na saki, ya mutu.

"To haka za ki tsaya da yatsa a kai har yamma?" in ji Madam.

Ta nuna mini yadda ake sa ƙwan ya riƙe kansa, in ya kama ya zama shi ne shaidar kansa a matakalar, sai an danna ja ya saki. Na yi wannan sau ya fi hamsin a rana ɗaya. Shayin Kawu ya ƙone a kan wuta har tukunyar ta yi baƙi.

Washegari ta koya mini jan maɓalli. Shi a rufe yake kullum, wuta na bi ta cikinsa, danna shi yanke ta ne. Na ce wannan ai juya abu ne a banza. Ta ɗauki filaya ta datse wayar. Ƙwan ya mutu nan take.

"Ɓera ne ya ci," ta ce. "Wanne kika fi so, inji ya tsaya don ɓera ya ci waya, ko ki danna ja hannun mutum na ciki ya ƙi tsayawa?"

Na yarda ba musu. Ba kasafai nake yi ba, har ta waiga ta ga ko lafiya.

Abin da na tsana shi ne taima. Wani ɗan murabba'i ne a matakala, aikinsa kawai ya ƙirga daƙiƙu kafin ya bar wuta ta wuce. Na ce wa ya zauna ya ƙirƙiro abin da sana'arsa jira? Madam ta ce wanda ya taɓa ƙona moto.

Sati uku ina binta. Na koyi fere waya ba tare da na yanke gashinta ba, na koyi sa wa kowace lamba, na koyi cewa ba a taɓa cikin akwati sai an kashe wuta an gwada da testa, ko da ke kika kashe da hannunki. Ta jawo wayoyi daga tsofaffin korayen maɓallan nan huɗu ta kai su kunnuwan akwatin. Na ce asarar waya ce, tunda maɓalli ɗaya za mu yi. Ta ce ba ni na sayo ba.

Sannan ta faɗa wa Kawu maganar da ta sa ya ajiye carbinsa. Mijinta ya yi ritaya, za su koma gida Filato. Dole a sami mai riƙe makullin akwatin, wanda zai iya karanta tsanin in abu ya tsaya. Ta nuna ni da sukundireba.

"Wagga?" in ji Kawu. "Wagga da ko shayi ba ta iya jira ya tafasa?"

"Ita za ta rubuta na tayar da injinan, Alhaji. In ya yi, ka ba ta makulli."

Ta ba ni aiki: in tsaya safiya uku in kalli Baba, in rubuta duk abin da yake yi. Duk, ta ce, ta maimaita.

Na tsaya. Baba ba ya shigowa ta ƙofar gaba kamar mutane. Sai ya zagaya da sandarsa ta ƙofar baya, wajen masu ɗinkin buhu. Ya gaisa da mai kula da injin gogewa, su yi musabaha, ya danna kore. Ya ja ƙafa zuwa wurin mai casa, wani mutum mai ɗaurarriyar fuska da 'ya'ya goma sha ɗaya da rago guda. Nan ake yin ta.

"An kwana lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa babban? Mai bi mashi hwa? Ita mai tarin, ta samu sauƙi?"

Ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunansa. Mai casa na amsawa da "lahiya lau" kamar ana cire masa haƙori. Wata rana a tsaya a ɗa na bakwai, wata rana a ƙare 'ya'yan a shiga rago, yana cin dusa, ƙahon da ya karye ya warke. Sai can Baba ya miƙa yatsa ya danna. Daga nan sai Inna mai tsakuwa, tsohuwa ce mai nauyin kunne, kullum hannunta na cikin rariyar injin tana zare ciyayi. Sai ya ɗaga murya ya yi ta sallama har ta ɗago, ta haɗa hannu biyu a ƙirji ta amsa. Ya danna. Na ƙarshe masu zuba shanshera, ya yi musu tsiya kaɗan, ya danna.

Ni kuwa ina tsaye da littafi, ƙafata na kaɗawa. Ga abin da na rubuta a safiya ukun, har yanzu littafin na nan: "Yana danna maɓalli huɗu. Sauran surutu ne."

Ran Litinin aka yi gwaji. Tsanina matakala biyar ne kacal, kyakkyawa, maɓalli ɗaya ya tayar da huɗu a lokaci guda. A kan katako ƙwayayen nan sun kama tare, gwanin sha'awa. Madam ta karanta, ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ta sake tambaya, na sake tabbata. Ta sa kowa ya ja baya daga injinan har jikin bango, ta tsaya da tafinta a kan babban jan maɓalli. Babu wutar gari, kamar kullum, janareta ke aiki. Baba na zaune a kan buhu yana ɓare goro.

Na danna.

Janaretan nan ya yi wani nishi irin na saniyar da aka kayar, fitilu suka yi ja, baƙin hayaƙi ya turnuƙo ta taga, sai tsit. Ban taɓa jin wurin ya yi shiru haka ba. Har kukan kurciya aka ji daga waje.

"Uwar sauri," in ji Baba, "kin kashe shi tun bai yi kalaci ba."

Aka yi dariya, har mai casa ya nuna haƙori. Madam ta ce mini a hankali, moto in zai tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in ya daidaita, huɗu a tare kuwa ba janaretan da zai ɗauka. Na ce na gane, a ba ni minti goma. Na cusa taimar nan da na tsana, daƙiƙa uku-uku, daga na farko zuwa na ƙarshe kamar yadda kowane mai hankali zai ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Aka tayar da janareta. Madam ta sake korar mutane jikin bango. Kawu kuwa ya matso kusa don ya gani da kyau, da farar shaddarsa, zai wuce ɗaurin aure.

Injin ɗaukar shanshera ya tashi ya fara zuba wa injin tsakuwa, shi kuwa bai gama farkawa ba. Injin casa ya tashi da cikinsa cike, ya shaƙe, bel ya yi ƙara. Kafin a zo kan babban, janareta ya fara nishin nan, shanshera kuma ta cika ta tumbatso ta gefe, ta zubo wa Kawu daga hula har takalmi. Madam ta buga ja.

Wanda bai taɓa shiga shanshera ba bai san ƙaiƙayi ba. Kawu ya tsaya yana karkaɗe wuyan riga, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Madam, Asabar za ki tahi ko?"

"Asabar, Alhaji."

"To Alhamis. In Alhamis wanga abu bai tashi lahiya ba, a kulle shi, in nemo mai dannawa da hannu. Ke kuma," ya juyo gare ni, "na yi magana da Gwaggonki, ta huce. Ta ce atamfa ta ƙaru."

Ya fita yana susa.

Na bi Madam har bakin ƙofa ina cewa ta faɗa mini daƙiƙa nawa zan sa, ai ta sani. Ta ce ba ta sani ba, ba janaretanta ba ne, ba injinanta ba ne. Ta ce in kawo littafina. Ta karanta layi biyun nan, ta miƙo mini.

"Mutum ya yi shekara talatin yana tayar da su bai kashe janareta ko sau ɗaya ba. Ke kin kashe sau ɗaya da rabi kafin azahar. Waye mai surutu?"

Ta tare ɗan kabu-kabu ta tafi unguwarsu, Gidan Dahala, ta bar ni da tsintsiya.

Bayan la'asar na sayi goro na nufi gidan Baba, can wajen Hubbare. Na same shi a gindin dogon yaro a ƙofar gida, ya miƙe ƙafafu a tabarma, yana kallon baƙi masu ziyara suna wucewa. Na yi sallama na ce, "Baba, daƙiƙa nawa kake jira tsakanin inji da inji?"

Ya dubi sama. Ya dubi akuyar maƙwabta. Ya ce da akuyar, "Kin ji wata iska?"

Na gane. Na tuɓe silifa, na durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau."

Ya tsare ni da ido yana jiran sauran. Na ci gaba.

"Ina gajiya."

"Babu gajiya."

"Ƙaƙa gida. Ƙaƙa iyali. Ƙaƙa ƙahwa."

"Ƙahwa da sauƙi. Ba ki tambayi zahi ba."

"Ƙaƙa zahi."

"Lokacinshi na. Ƙaƙa Kawunki, ya bar susa?"

Daga cikin zaure na ji matarsa ta fashe da dariya. Na miƙa goron. Ya zaɓi fari, ya ɓare, ya ba ni rabi, sai da ya tauna ya ce shi bai san daƙiƙa ba, bai taɓa ɗaura agogo ba. Na ce to don me yake daɗewa wurin amininsa mai casa?

"Aminin wa? Wanga mutum, shekara goma sha biyar bai taɓa tambaya ta ɗiyana ba. Janareta nike saurare. In na tada babban moto, shina nishi. Sai ya maido numfashi in taɓa na biyu. To in tsaya gaban mutum shiru kamar gunki? Sai in tambayi ɗiyanshi. Da sanyi, ɗa na bakwai ya isa. In zahi ya yi zahi, ɗiya su ƙare janareta bai huce ba, sai in shiga rago."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ka.

"Ƙohwar baya hwa?"

"In kin zubo shinkahwa, wanda za shi amshe ta yana barci, ina za ta?"

"Kan Kawu," na ce.

"Awo."

Sai ya daina dariya. Ya ce ita kuwa Inna mai tsakuwa, ba don janareta yake tsayawa ba. Ba ta jin tashin inji sai ya taɓa ta. Ba ya dannawa sai ta amsa, kuma sai ya ga hannuwanta biyu a ƙirji, ya ƙirga su. Ya ce duk wanda ya gaisa da shi da safe, hannunsa yake kallo, ba fuskarsa ba.

"Shi akwatin naki yana da ido?"

"Ba shi da."

"To ki san yadda za ki yi."

Ran Talata ya sa na bi shi zagayen, ta ƙofar baya, wayata a hannu tana ƙirga. Amma ya ce gwiwarsa ta hana shi magana, ni zan yi gaisuwar. Yadda gwiwa ke hana magana, shi ya sani. Ya danna babban, muka ƙarasa wurin mai casa, na tsaya gabansa kamar mai karɓar hukunci.

"Ƙaƙa babban?"

Mai casa ya dube ni, ya dubi Baba. "Lahiya lau."

Baba na raɗa mini sunayen ta baya, ina maimaitawa. A ɗa na huɗu na fara jin abin. Muryar janareta ta yi ƙasa, tana rawa, kamar mai hawan tudu da kaya. A na tara ta fara miƙewa. Ranar akwai zafi tun da safe, sai da muka kai rago. Na tambayi ƙahonsa. Daidai nan ƙarar ta koma sumul, Baba ya taɓa ni da sanda, na tsayar da ƙirga. Na rubuta lambar, na ƙara mata kaɗan don ranar da ta fi wannan zafi. Haka muka yi a sauran biyun, su gajeru ne.

Yinin Talata da Laraba ina kan katakon ƙwayaye. Na juya tsanin, babban ya fara, mai ɗaukar shanshera ya zama na ƙarshe. Taimar farko na sa mata suna Rago, don akwatin yana yarda a sa wa abu suna. Saura maganar ido. Na zauna ina kallon fitilun kunnuwansa, sai na ga guda huɗu da ba sa komai, wayoyin tsofaffin korayen maɓallan nan da na ce asara ce. Na waiga. Madam na fere waya tana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, ta ƙi kallona.

Na ce ta ba ni ƙaho da fitilu masu walƙiya. Ta buɗe jakarta, ga su nan, tun yaushe suke ciki ban sani ba.

Ga yadda na rubuta. In an danna babban kore, akwatin ba zai tayar da komai ba. Zai busa ƙaho, ya kunna fitila a kan injin da ke layi, ya jira. Sai mai kula da injin ya tako ya danna tsohon korensa, sannan moto ya tashi. Daga nan taima ta ƙirga, a wuce na gaba, a sake sallama. In ba a amsa ba, ko za a kai azahar ba zai motsa ba. Na Inna kuwa muka matsar da shi nesa da rariya, muka ƙara masa na biyu, tazarar kamu uku, sai ta danna su tare da hannu biyu. Madam ta gwada ni ta kowace hanya: ta danna na uku kafin na farko, ta datse waya, ta kashe wuta a tsakiya ta maido. Sau biyu ta kama ni, sau biyu na gyara. Na uku ta nema ta rasa, ta ce in je in ci abinci.

Alhamis Kawu ya zo da tsohuwar riga, ya tsaya can bakin ƙofa. Baba na kan buhunsa. Na ce bismillah, na danna.

Ƙaho ya yi ƙara, fitila ta kama a kan babban. Mai gogewa ya tako ya danna, moto ya ɗauka, janareta ya fara nishi. Sai jira. Ban taɓa sanin daƙiƙa tana da tsawo haka ba. A zuciyata ina bin 'ya'yan mai casa ɗaya bayan ɗaya, yatsana na ƙaiƙayi.

"Ya lalace?" in ji Kawu daga ƙofa. "Mi yake jira?"

"Gaisawa shikai, Kawu. Yanzu shina wurin rago."

Janareta ya miƙe. Ƙaho, fitila, mai casa ya danna. Aka zo kan Inna. Fitila na walƙiya a kanta, ita kuwa ta ba ta baya, hannunta cikin rariya tana zare wani dogon kara. Ƙaho ya sake busawa. Ba ta ji ba. Akwatin ya tsaya cak, bai taɓa motonta ba. Sai da ta gama abinta, ta ga hasken a jikin bango, ta juyo, ta goge hannu a zane, ta taka a hankali ta ɗora su biyu. Na saci kallon Baba. Leɓensa na motsi, ɗaya, biyu.

Da farar shinkafa ta fara zuba a buhu, Kawu ya shigo ciki, ya tara hannu, ya duba, ya watsa 'yan ƙwayoyi a baki. Ya ce da Madam, "Ya hi Baba sauri?"

"Daidai suke, Alhaji."

"To mi munka yi ke nan?"

"Kun bar ni in zamna," in ji Baba.

Madam ta ciro makullin daga aljihun da testa take, ta miƙa wa Kawu, shi ya miƙo mini. Ɗan ƙarami ne, da jan zare. Ya ce in ya ɓata in wuce gidan Gwaggo kai tsaye, kar in biyo ta wurinsa. Na ɗaura shi a bakin mayafina, ƙulli uku.

Ran Asabar na je Gidan Dahala na taya Madam ɗaure kwalaye. Ta bar mini filayarta da katakon ƙwayayen. Na gaishe ta gaisuwar sallama cikakkiya, har da a gaida mutanen gida, ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi nake.

Sati bai cika ba mai casa ya tare ni a bakin akwati, fuskar nan a ɗaure. Na ɗauka injinsa ne. Ya tsaya yana murza hula, ya ce shi ba wani abu ba ne, amma ita mai tarin ta warke tun shekaranjiya, kuma ba wanda ya tambaya.

Shi ya sa yanzu nake shigowa ta ƙofar baya. Ina danna kore, in bi fitilar inji zuwa inji. Taima ce ke ƙirga, ba ni ba, amma tunda dole a jira, kuma ba kyau mutum ya tsaya gaban mutum shiru, sai in fara daga babban ɗan mai casa. Na haddace su goma sha ɗayan. Ragon an yanka shi da layya, ya sayi tunkiya, ita nake tambaya. Taimar dai ban canza mata suna ba.